Wai me ake nufi da "wat" ɗin da ake ta rubutawa a kwalin bilenda?

Yanzu duk wacce ta tallata bilenda a WhatsApp ko TikTok abu na farko da za ki ji shi ne "wat dubu takwas ce Hajiya, har dutse tana niƙawa", kuma haka masu haɗa kayan ɗakin amarya suke shiga kasuwa suna cewa a ba su mai wat da yawa, kamar wat ɗin shi ne ƙarfin markaɗe. To ba shi ba ne. Wat ma'aunin wutar da na'ura take ja ne, sunan wani Bature ɗan Sikotlan aka sa masa, James Watt, mai gyaran injin tururi, kuma wat 746 shi ne ƙarfin doki ɗaya da ake faɗa a janareta da injin ban ruwa.

Ki ɗan yi lissafin nan da ni. Wutar gidajenmu bolt 230 ce idan ta zo cikakkiya, filogi mai ƙafa uku kuma fiyus ɗinsa amfiya 13 ne, bolt sau amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) kuwa shi ke ba da wat, kin ga iyakar abin da soket ɗin kicin zai ɗauka bai kai wat 3000 ba ma. Bilendar da za ta ja 8000 sai ta nemi wajen amfiya 35, kafin tattasai ya narke fiyus ya tashi, in ba fiyus kuwa waya ce za ta kama ƙauri. Kuma 8000 ɗin nan ya haura ƙarfin doki goma, alhali injin markaɗen bakin layi mai fetur, wanda yara ke bin layi da bokitin wake a kai lokacin azumi, galibi doki biyar da rabi ne ko shida da rabi. Wato abin da kika ɗauka da hannu ɗaya kika ɗora a kanta ya kusa ninka injin Malam mai markaɗe? Haba dai. Har bilendar Vitamix da ake ji da ita a Amurka, mai tsadar tsiya, ba ta kai wat 2000 ba.

Ni abin da ke ba ni haushi ma ba ƙaryar ba ce, yadda lambar ta hana mutane duba abin da ya kamata. Mota, wato injin cikin bilenda, mai shan wuta tana mai da rabi zafi, da mota mai wayar tagulla da ke juyawa ba gajiya, duk za su iya ɗaukar lamba ɗaya. Ki ɗaga gindin bilendar ki ji nauyinsa, mai nauyi ya fi alamar tagulla. Ki kifa jog ɗin ki duba haƙorin da ke haɗa wuƙa da mota, in roba ce sirirya kunun aya kaɗan zai cinye ta. Ki leƙa ƙasa ko akwai ɗan maɓallin da ke kashe ta in ta yi zafi, sannan ki tambayi mai shago ko ana samun jog da wuƙa daban in sun lalace, yawanci a nan ake fara kame-kame.

Kayan miya da waken alale da aka jiƙa, wat 600 zuwa 1000 na gaskiya ya ishe su. Mai sana'ar kunun aya ko markaɗen gyaɗa ce za ta nemi 1500. Kuma in ƙaramin janareta ko inbata kike amfani da shi sai ki fara duba nasa ƙarfin tukuna, don wuta mara ƙarfi ita ma tana ƙona mota, a ji tana gurnani wuƙa ba ta juyawa a ci gaba da dannawa.