Jimiri a Rayuwar Kiristocin Sakkwato

Jimiri, a koyarwar Kirista, shi ne mutum ya riƙe bangaskiyarsa ga Yesu Almasihu a lokacin wahala, ko wahalar ta fito daga hannun mutane, ko daga ciwo da talauci, ko daga abin da ikkilisiya ke ɗauka aikin Shaiɗan ne. A Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya kuma mazaunin Sarkin Musulmi, Kiristoci tsiraru ne, kuma batun jimiri ba ya barin bakin masu wa'azi a majami'unsu.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Labarin Annabi Ayuba shi ne aka fi kawowa, wataƙila don Musulmi ma sun san shi da haƙuri. Wasiƙar Yakubu ta ce gwajin bangaskiya yana haifar da jimiri, Manzo Bulus kuma ya gaya wa Romawa cewa wahala tana kawo jimiri, jimiri ya kawo hali nagari, shi kuma ya kawo sa zuciya. Amma nassin da ya fi tasiri shi ne wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 6, inda aka ce kokawar mai bi ba da nama da jini take ba, da mugayen ruhohi ne. Fastoci suna fassara wannan da cewa maƙwabcin da ya zage ka ba shi ne abokin gāba na ainihi ba, don haka makamin Kirista addu'a ne da azumi, ramuwa kuwa ta Allah ce. Ba kowane mai sauraro ke karɓar wannan da sauƙi ba, musamman matasa, ranar da aka yi jana'iza.

Yadda addinin ya shigo

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugard kuma ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Kiristocin farko a garin yawancinsu baƙi ne daga Kudu, akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Ƙofa ta ɗan buɗe a shekarun 1930, lokacin da aka bar mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta kula da kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina. A nan ne wasu Hausawa suka fara jin bishara da harshensu, domin an kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932. Daga aikin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Ɗarikar Katolika ta zo ta hannun limaman Dominikan daga Amurka. An keɓe Sakkwato a matsayin yankin mishan na kansa a 1953, ya zama dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1964 a ƙarƙashin Bishop Edward Lawton. Bayan shekara biyu kacal rikicin 1966 ya sa Inyamurai suka koma gida, majami'u da dama suka kusa zama kango. Bishop Michael Dempsey, wanda ya karɓi aiki a 1967, kusan sabon gini ya fara. Kevin Aje ya gaje shi, sannan Matthew Hassan Kukah a 2011. Angilika kuwa sun kafa dayosis ɗinsu a 1990, Josiah Idowu-Fearon ne bishop na farko, mutumin da ya yi zurfin karatu a kan Musulunci, daga baya ya zama babban sakataren ɗarikar na duniya.

Irin wahalhalun

Mafi yawansu ba sa fitowa a labarai. Shugabannin coci sun daɗe suna kuka a kan wuyar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Nauyin ya fi faɗa wa ɗan ƙasa da ya bar Musulunci, domin shi ba shi da wani gida da zai koma: yana iya rasa gado, a raba shi da mata, 'yan'uwa su daina cin abinci da shi.

Akwai kuma waɗanda duniya ta ji. A watan Janairu na 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd a Kaduna, suka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, wanda ɗalibin dayosis ɗin Sakkwato ne. A ranar 12 ga Mayu 2022 wasu gungun matasa suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bisa zargin ɓatanci ga Annabi. Fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, Bishop Kukah ya roƙi Kiristoci su kwantar da hankali, gwamnatin Aminu Tambuwal kuma ta sa dokar hana fita bayan zanga-zangar da aka farfasa tagogin babbar majami'ar Holy Family. Shi kuwa ta'addancin 'yan bindiga a yankunan Isa da Sabon Birni, Musulmi ne mafi yawan waɗanda ya ci, kuma rashin adalci ne a lissafa shi a matsayin tsananta wa Kirista kaɗai.

Yadda ake jimrewa

Ranar Lahadi da safe, a majami'u da yawa, matasa ne ke tsaye a bakin ƙofa da na'urar bincike, ana buɗe jakar kowace mace, ana ajiye babura nesa da gini. Wannan ɗabi'a ta samo asali ne tun zamanin hare-haren Boko Haram a Arewa. A ciki, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, cikin ashobi suna buga tulu suna rera waƙa da Hausa, ɗaya tana bayarwa sauran suna amshi. Su ne kuma ke zuwa gaisuwar mutuwa, su tara kuɗin asibiti, su dafa wa gidan da aka yi rashi. Duk wanda ya lura zai ga cewa ƙungiyar nan ta fi wa'azi riƙe mutane.

A kan yaƙin ruhaniya ɗariku sun bambanta. Majami'un Fentikos suna yin addu'ar dare har asuba, da azumin farkon shekara, da addu'ar fitar da aljannu, suna danganta rashin haihuwa ko karayar arziki da sammu da maita. Katolika da ECWA sun fi taka-tsantsan, wasu limamansu ma suna gargaɗin cewa ɗora wa Iblis kowace matsala yana hana mutum zuwa asibiti, yana kuma sa a zargi tsofaffi da maita ba gaira ba dalili. Azumin kwana arba'in kafin Ista yakan faɗo a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40.

Zaman tare ma wani ɓangare ne na jimirin. Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, suna jagorantar majalisar tuntuɓar juna ta addinai, NIREC, wadda aka kafa a 1999, a kasuwa da ofis kuwa ana cuɗanya kullum, ana aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti. A 2023 Fafaroma Francis ya cire Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan jihar, bishop ɗinta na farko.