Fim ɗin da ya ba da asalin jarumi shi ne ya fi daɗi? Tambayoyi da amsoshi, da shirye-shiryen sharhi da ya kamata a saurara

Me ake nufi da labarin asali a harkar fim?

Shi ne fim ɗin da ke komawa baya ya nuna mafarin wani jarumi ko bos da ’yan kallo suka riga suka sani: gidan da ya fito, abin da ya same shi yana yaro, da ranar da ya zama mutumin da muka sani. Superman na 1978, wanda Richard Donner ya ba da umarni, ya kafa tsarin da ake bi har yau. An nuna jariri da aka turo daga wata duniya, da tasowarsa a gonar Kansas, sannan shigarsa birni. Spider-Man na 2002, Batman Begins na 2005, Casino Royale na 2006 da Iron Man na 2008 duk wannan layi suka bi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wajen son sanin asali. Kafin a ba mutum aure sai an bincika gidansu, kuma yaro ya taso yana jin labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Saboda haka in aka ce ga fim da zai faɗa maka ɗan waye wannan jarumin, kunne na tashi tun kafin a fara.

To, shin su ne finafinan da suka fi kyau?

A ganina a’a. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, amma in ka jera finafinan da mutane ke yawan komawa su sake kallo, sau da yawa kashi na biyu ne ke kan gaba. The Dark Knight na 2008 ya sha gaban Batman Begins a wajen masu sharhi da kuma a kasuwa, domin ya haura dala biliyan 1 yayin da na farkon bai kai miliyan 400 ba. Masu son Spider-Man da yawa sun fi yabon na 2004 a kan na 2002. A jerin Star Wars kuwa, The Empire Strikes Back na 1980 shi ake yawan ɗorawa a sama, ba finafinan 1999 zuwa 2005 da suka ba da tarihin bos ɗin jerin, Darth Vader, ba.

Dalilin a fili yake. Fim ɗin asali yana ɗauke da kaya biyu a kai. Dole ya gabatar da mutum, ya nuna inda ya samo ƙarfinsa da kayan aikinsa, sannan ya nemo masa abokin gaba da za a kara da shi kafin a tashi. Shi ya sa rabin farko kan yi armashi, rabi na biyu kuma ya zama faɗa da bos ɗin da ba a ba shi lokacin da zai shiga rai ba. Iron Man misali ne mai kyau. Zaman Tony Stark a kogo a Afganistan, yana ƙera rigar ƙarfe da tarkacen makaman kamfaninsa, shi ne zuciyar fim ɗin, kuma shi ake tunawa. Faɗan ƙarshe bai kama ƙafarsa ba. Kashi na biyu ya sauke wancan nauyi, ya san jaruminsa, sai ya samu sararin matsa masa lamba ya ga iya inda halinsa ya tsaya.

Idan haka ne, me ya bambanta labarin asali mai kyau da maras kyau?

Zaɓi. Wannan ita ce maganar da na fi riƙewa a duk wannan batu. Labarin asali yana tsayawa da ƙafarsa ne idan ya kai mutum mararraba, ya sa shi ya zaɓi hanya da kansa, kuma zaɓin ya ci masa wani abu mai tsada.

Dubi Spider-Man na 2002. Cizon gizo-gizo ya ba Peter Parker ƙarfi, amma cizon bai mai da shi jarumi ba. Ya fara da neman kuɗi da ƙarfin. Da aka cuce shi a wurin kokawa, sai ga ɓarawo ya sace kuɗin wanda ya cuce shi, ya zo wucewa ta gabansa, ya ƙyale shi da gangan don haushi. Ɓarawon nan shi ya kashe baffansa Ben a daren. Duk abin da Peter ya yi daga baya daga wannan nadama ya tsiro, kuma ko mutumin da bai taɓa buɗe littafin zane ba ya san zafin “da na sani”.

Batman Begins ma haka. Kowa ya san an kashe iyayen Bruce Wayne, wato Batman, a gabansa yana yaro. Abin da darakta Christopher Nolan ya ƙara shi ne ranar da Bruce, ya zama saurayi, ya ɓoye bindiga ya tafi kotu da niyyar kashe wanda ya kashe su, sai wata ta riga shi harbi. Ya tsira daga zama mai kisa ba da dabararsa ba, kuma kunyar hakan ta bi shi. Daga baya, da malamansa suka miƙa masa takobi ya sare kan wani mai laifi, ya ƙi. Kusan awa guda ake yi kafin a gan shi cikin baƙar riga, amma ba a ƙosawa, domin ana kallon yadda hali ke ginuwa.

Maras kyau kuwa amsa yake ba tambayoyin da ba wanda ya yi. Solo na 2018 ya bi kayan Han Solo, ɗaya daga jaruman Star Wars, ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda ya samo su: bindigarsa, jirginsa, abokinsa, har sunansa, wanda aka nuna wani jami’in ɗaukar soja ne ya laƙaba masa saboda ya ce ba shi da kowa. An cike gurabe, amma mutumin da ya fito a ƙarshe bai yi nisa da wanda ya shiga ba. Fim ɗin bai kai dala miliyan 400 ba, abin da ya yi ƙasa sosai ga fim ɗin Star Wars.

Ana cewa ba da asalin bos yana rage masa kwarjini. Gaskiya ne?

Sau da yawa haka ne. Joker, bos ɗin The Dark Knight wanda Heath Ledger ya fito a matsayinsa, ya ba da labari biyu masu saɓa wa juna a kan tabon bakinsa, kuma har aka tashi ba a san sunansa ko garinsu ba. Rashin sanin nan shi ne rabin tsoron da yake sakawa. Ledger ya rasu a Janairun 2008 kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi kyautar Oscar a 2009.

Sai dai a 2019 Todd Phillips ya yi Joker, inda Joaquin Phoenix ya fito a matsayin talaka mai lalurar ƙwaƙwalwa da gari ya yi watsi da shi. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice, ya haura dala biliyan 1, Phoenix kuma ya ɗauki Oscar. Don haka ba za a ce bai yiwuwa ba. Abin lura shi ne wannan Joker tausayi yake ba ka, wancan kuma tsoro. In ka san abin da ya taɓa zuciyar mugu, ka fara fahimtarsa, kuma wanda ka fahimta ba ya firgita ka kamar da. Marubuci ne zai yanke wanne yake so, domin da wuya ya samu duka biyun.

Akwai fim ɗin asali da za a iya sakawa cikin manyan finafinan duniya?

Akwai, The Godfather Part II na 1974. Francis Ford Coppola ya nuna Vito Corleone yana ɗan shekara 9, ya gudu daga Sisili a 1901 bayan an kashe mahaifinsa da yayansa da mahaifiyarsa, ya sauka New York ba shi da kowa, ya taso har ya kashe mai karɓar kuɗin ƙarfi a unguwarsu ya zama wanda ake kai wa kuka. Robert De Niro ya yi wannan rawa, kusan duk maganarsa da harshen Sisili, ya ci Oscar. Fim ɗin ya ci kyautukan Oscar 6, kuma shi ne kashi na biyu na farko da ya zama gwarzon fim na shekara.

Amma a lura da dabarar. Ba a bar labarin Vito shi kaɗai ba. An saƙa shi da na ɗansa Michael a ƙarshen shekarun 1950, ana zuwa ana dawowa. Uba yana tara dangi, ɗa yana watsa su, har ya sa a kashe yayansa Fredo. Kowane ɓangare yana ƙara wa ɗayan nauyi. Asalin ya yi daraja ne saboda ana ganin abin da ya haifar a lokaci guda.

Finafinan Indiya fa, da muka fi sabawa da su?

Su sun daɗe da gano cewa ba sai an ware fim guda don asali ba. Deewaar na 1975, na Yash Chopra, ya gama aikin a farkon fim. Uba shugaban ma’aikata ne da aka tilasta wa sa hannu a yarjejeniyar da ta cuci mutanensa, fusatattu suka kama ɗansa suka yi masa zanen da ba ya gogewa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Yaron ya girma ya zama Amitabh Bachchan, ɗan dako a tashar jiragen ruwa sannan ɗan fasa-ƙwauri, ƙanensa kuma ɗan sanda. Duk lokacin da kyamara ta sauka a hannun nan, ba a buƙatar ƙarin bayani.

Darakta S. S. Rajamouli ya juya tsarin. Baahubali na 2015 ya ƙare da Kattappa, amintaccen bawan masarauta, yana faɗin cewa shi ya kashe ubangidansa, aka bar mutane shekara biyu da tambaya. Na 2017 ya koma baya ya ba da amsa, ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya haura rufi biliyan 10. An sa ’yan kallo ƙishirwar asalin kafin a ba su shi.

Me ya sa kamfanoni ke ta maimaita su?

Suna da aka sani ya fi saukin sayarwa, kuma fim ɗin asali ƙofa ce ga sabon ɗan kallo. Amma an ƙure. An kashe baffa Ben a 2002, aka sake kashe shi a 2012. Da aka zo Spider-Man na 2017 sai aka tsallake labarin gaba ɗaya, The Batman na 2022 kuma ya fara da Bruce yana shekara ta biyu a aikin.

Wane fodkas zan saurara idan ina son sharhin fim mai zurfi?

Fodkas shiri ne na murya da ake saukewa ta intanet a ji a waya. Waɗannan da zan ambata duk da Turanci ake yin su.

Wanda ya fi dacewa da wannan batu shi ne Blank Check, na Griffin Newman da David Sims. Sun fara a 2015 da tattauna finafinan asalin Darth Vader, daga baya suka koma bin darakta guda, fim bayan fim, daga na farkonsa zuwa na ƙarshe. Sun bi finafinan Nolan haka. Shirin kan kai awa biyu zuwa uku kuma suna yawan ratse, amma za ka fito da sanin yadda aka samo kuɗi, wa aka so ɗauka aka fasa, da abin da daraktan yake nema.

Mai sha’awar rubuta labari ya nemi Scriptnotes, na John August da Craig Mazin, wanda ya rubuta shirin talabijin na Chernobyl. Tun 2011 suke yi, kuma maganarsu ta masu sana’a ce: yadda ake gabatar da jarumi, inda ake yanke fitowa, abin da ke kashe tattaunawa. Duk matashin da ke burin rubuta fim zai ƙaru da shi.

The Rewatchables na Bill Simmons hira ce ta abokai a kan fim ɗin da aka sha kallo, ana zaɓen fitowar da ta fi daɗi da abin da ya tsufa. Filmspotting na Chicago, tun 2005, ya fi natsuwa. Mark Kermode da Simon Mayo sun yi sharhin sabbin finafinai a BBC daga 2001 zuwa 2022, yanzu suna ci gaba da Kermode & Mayo’s Take. You Must Remember This na Karina Longworth kuwa tarihin Hollywood ne, murya ɗaya, a rubuce, a tsanake, don haka ya fi saukin bi ga wanda saurin Turancin Amurkawa ke wahalar da shi.

Wannan daidai yake da sharhin da ake ji ana cikin kallon fim?

Da bambanci. Akwai sharhin da ake kunnawa tare da fim, mai magana yana bin fitowa bayan fitowa. Kamfanin Criterion ne ya fara shi a 1984, a faifan King Kong, da muryar masanin tarihin fim Ronald Haver, sannan ya yaɗu a zamanin DVD. Blank Check suna yin irinsa ga masu biyan kuɗin wata. Sauran da na lissafa tattaunawa ce da ake ji bayan an gama kallo.

Wace shawara ga wanda zai fara?

Ka kalli fim ɗin tukuna, domin yawancin shirye-shiryen nan suna tona ƙarshen labari ba tare da jinkiri ba. Wasunsu, musamman na hirar abokai, ba sa taka-tsantsan da ashar, saboda haka a sa abin kunne idan akwai yara kusa. Awa guda ta murya kan ci megabait 30 zuwa 60, gwargwadon ingancin sautin, don haka gara a sauke lokacin da data ke araha a ji daga baya. Idan maganar ta yi maka sauri, manhajojin Spotify da Apple Podcasts suna da wurin rage gudu. Ka fara da fim ɗin da ka sani ciki da bai, kamar The Dark Knight, domin sanin labarin zai taimake ka ka bi hirar ko da wasu kalmomi sun kuɓuce maka.