Makaɗan free jazz da neman abinci: daga 1959 zuwa yau

A watan Nuwamban 1959 ne Ornette Coleman, mai busa saksofon ɗan jihar Texas, ya fara wasa a kulob ɗin Five Spot da ke New York, kuma nan take kan masana jazz, salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ya rabu. Wasu suka ce sabon zamani ya zo, wasu suka ce ko busa ma bai iya ba. Laifinsa shi ne ya ajiye jerin sautukan da aka saba ɗora kiɗa a kansu, ya bar kowane makaɗi ya bi kunnensa. Faifansa na 1961, Free Jazz, shi ya ba salon suna.

Suna ya fita, amma aljihu bai shaida ba. Mai kulob abin sha yake sayarwa, yana son kiɗan da za a yi hira a kansa, a tafa, a ƙaro kwalba. Cecil Taylor kuwa in ya zauna kan fiyano sai ya shafe kusan awa bai ɗaga hannu ba, jama'a sun yi tsit, ciniki ya tsaya. Haka mutum mai irin wannan baiwa ya koma wanke kwanuka a gidan abinci. Albert Ayler, shi ma mai busa saksofon, bai tsira ba: a Nuwamban 1970 aka tsinci gawarsa a kogin East River, yana ɗan shekara 34.

Da suka ga ba mai share musu hawaye, sai suka haɗa kai. Bill Dixon, mai busa ƙaho, ya shirya bikin kiɗa na kwana huɗu a New York a 1964, daga nan aka kafa ƙungiyar Jazz Composers Guild don makaɗa su yi ciniki da baki ɗaya, amma saɓani ya watsa ta cikin 'yan watanni. Ta Chicago ce ta ɗore. A 1965 Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa AACM, ƙungiyar ciyar da makaɗa masu ƙirƙira gaba, suna hayar zaure da kansu, suna buga takardar talla, suna karɓar kuɗin ƙofa, kowa ya zo da kiɗan da shi ya tsara. A ganina abin da ya raya ta shi ne makarantar kyauta da suka buɗe wa yaran unguwa, domin daga nan magada suke fitowa. Har yau tana nan.

Turai ma ta buɗe ƙofa. Rukunin makaɗan Art Ensemble of Chicago, 'yan AACM, sun koma Faransa a 1969, inda aka fi sauraron su. Makaɗan can su ma suka kafa kamfanonin faifai nasu: ICP a Holan a 1967, FMP a Jamus a 1969, sai Incus da Derek Bailey da Evan Parker da Tony Oxley suka buɗe a Ingila a 1970. A New York kuma, mai busa saksofon Sam Rivers ya mai da gidansa wurin wasa, Studio Rivbea.

Daga baya jami'o'i suka zama mafaka. A cikin masu busa saksofon, Archie Shepp ya koyar a jami'ar Massachusetts, Anthony Braxton a ta Wesleyan. Kyaututtuka ma sun zo, sai dai bayan furfura: Taylor ya samu tallafin gidauniyar MacArthur a 1991, Coleman ya samu lambar yabo ta Pulitzer a 2007 yana da shekara 77. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan waɗanda suka mutu kafin a waiwaye su.

Matashin da ya shiga wannan sana'a yau yana haɗa koyarwa da rubuta takardun neman tallafi da zagayen Turai, yana sayar da faifansa a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, ko a kan tebur bayan wasa. Wuraren da ke karɓar sa, irin su Vision Festival na New York da aka fara a 1996 da Cafe Oto na Landan da aka buɗe a 2008, ƙanana ne, kuma su ma da tallafi da kuɗin ƙofa suke numfashi.