Cinikin tsohuwar giyar inabi mai rangwame a intanet

Cinikin giyar inabi mai rangwame a intanet wani reshe ne na kasuwar giya a Turai, Amurka da Ostireliya, inda ake karya farashin kwalaben da suka yi kwantai a hannun masu gonaki, 'yan sari ko gidajen abinci, a tura wa mai saye har gida. Musulunci ya haramta giya, don haka kasuwar ta fi ƙarfi a ƙasashen da shan ta ya zama al'ada. Abin da ya bambanta ta da sauran cinikin gwanjo shi ne kayan na canzawa a cikin kwalba, kuma mai saye ba ya da hanyar sanin halin da suke ciki sai ya buɗe. Cinikin biri a sama ke nan.

Inda kwalaben ke fitowa

Mai gona yana buƙatar wuri a sito kafin sabon girbi ya shigo. Ɗan sari yakan rage da 'yan kwalabe daga cikin ɗaruruwan da ya sara, gidan abinci yakan rufe, mai tara kwalabe yakan rasu magada su sayar. Ga kuma raguwar mashaya: ƙungiyar OIV mai kula da harkar inabi ta duniya, wadda mazauninta ke Dijon a Faransa, ta bayyana cewa shan giyar inabi a 2024 ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giya barasar masana'antu, a yankin Bodo kuma aka biya manoma su tuge dubban kadada na inabi. Saboda haka rangwame ba kullum yake nufin kaya sun lalace ba. Sau da yawa kasuwa ce kawai ta cika. Matsalar ita ce lafiyayyar kwalba da matacciya suna fitowa a shafi ɗaya, da hoto iri ɗaya, da farashi iri ɗaya.

Tsufa da lalacewa

Zancen da ake yi cewa giyar inabi tana ƙara daɗi da shekaru gaskiya ne a kan kaɗan daga cikinta. Mafi yawan abin da ake sarrafawa a duniya an yi shi ne don a shanye cikin 'yan shekaru. Fara maras nauyi da mai launin hoda su ne kan gaba wajen saurin dushewar ɗanɗano. Beaujolais nouveau, jar giyar Faransa wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, watanni kawai take yi kafin ɗanɗanonta ya dushe. Waɗanda ke jure shekaru goma ko ashirin su ne masu yawan tsami, ko sukari, ko sinadarin tanin mai ɗaure baki da ke fitowa daga ɓawo da 'ya'yan inabi, irin manyan jajayen Bodo, Barolo ta Italiya, da Fot ta Fotugal. Ko su ma sai an adana su yadda ya kamata: wuri mai duhu, sanyin kusan digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, danshi kusan kashi 70 cikin ɗari, kwalba a kwance don matoshinta ya kasance a jiƙe.

A nan ne mai saye ya fi shiga duhu. Dokar Tarayyar Turai ba ta tilasta rubuta ranar lalacewa a kan giyar inabi ba. Abin da ke jikin takarda shi ne shekarar girbi, ita kuwa ba ta faɗin inda kwalbar ta kwana tun daga lokacin. Kwalba biyu daga ganga ɗaya, ɗaya ta yi shekara takwas a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a kan kantar shago kusa da taga, sun zama abu biyu daban.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Yana kumbura ruwan, ya turo matoshi sama, ya bar ɗigo mai danƙo a wuyan kwalba, ɗanɗanon kuma ya koma kamar na dafaffen 'ya'yan itace. Masu sana'ar sun ara wa wannan lahani suna daga tsibirin Madera na Fotugal, inda ake ɗumama giya da gangan don a samu irin wannan ɗanɗano. A wajen kwalbar da ba a yi ta don haka ba, asara ce. Kuma ba sai an ɗauki shekaru ba: yini guda a bayan motar kai saƙo a tsakiyar bazara ya isa. Shi ya sa 'yan kasuwa masu mutunci a Amurka kan riƙe odar abokin ciniki a watannin zafi har iska ta yi sanyi.

Bayan zafi sai iska. Matoshin gargajiya ɓawon wata bishiya ne da ake sassaƙewa duk bayan shekara tara, kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Idan ya bushe sai ya tsuke, iskar oksijin ta samu hanya. Farar giya ta koma ruwan ƙasa, ja ta koma launin jan bulo, ƙamshin ya tafi, idan abin ya yi nisa ta kama hanyar zama ruwan khal. Ko manyan gidaje ba su tsira ba, domin fararen giyar yankin Burgundi na Faransa na girbin tsakiyar shekarun 1990 zuwa gaba sun yi ƙaurin suna wajen tsufa kafin lokaci, abin da ya jawo wa masu tara su hasara mai yawa.

Akwai kuma lahanin da ba ruwansa da ajiya. Wani sinadari da ake taƙaita sunansa TCA, wanda masu bincike a Suwizalan suka gano a farkon shekarun 1980, yana fitowa daga matoshin kansa, ya sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Hancin mutum na jin sa ko da ɗigonsa bai taka kara ya karya ba. Yawaitar wannan lahani ce ta sa masu gonaki a kwarin Clare na Ostireliya suka koma marfin murɗawa a 2000, na Niyu Zilan suka bi sahu a 2001. Haske ma yana ɓata fararen giya a kwalba mai garau, dalilin da ya sa kamfanin Louis Roederer ke naɗe shamfen ɗinsa Cristal, wato giyar inabi mai kumfa, da leda mai launin rawaya.

Ta fuskar lafiya, giyar da ta lalace ta waɗannan hanyoyi ba ta cika zama guba ba, saboda barasa da tsami suna hana ƙwayoyin cuta rayuwa. Illar barasar kanta tana nan ko kwalba sabuwa ce ko tsohuwa, kuma a Janairun 2023 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce babu wani adadin sha da za a kira maras illa.

Abin da masu saye ke dubawa

Gidajen gwanjo suna bayyana inda ruwan ya tsaya a kwalba. A kwalbar Bodo mai kafaɗa ana cewa yana cikin wuya, ko a gindin wuya, ko a saman kafaɗa, ko tsakiya, ko ƙasa. A ta Burgundi mai gangaren wuya ana aunawa da santimita daga matoshi. Ɗan raguwa a kwalba mai shekara talatin ba abin damuwa ba ne, amma a mai shekara biyar alama ce ta yoyo. Shafin da ke nuna hoton kamfani maimakon hoton ainihin kwalbar ya ɓoye wannan duka. Haka kuma makin da wani ɗan jarida ya ba giya lokacin fitowarta, wanda 'yan talla ke son liƙawa, shaida ce a kan yadda take a wancan lokaci kawai. Gogaggun masu saye kan ɗauki kwalba ɗaya su gwada kafin su ɗauki katan.

Zamba da doka

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma shagon Premier Cru na Berkeley a Kalifoniya ya zama misali. Ya shahara da sayar da manyan giya a farashin da ya kasa na kowa, da alƙawarin kaya suna hanya. Kamfanin ya durƙushe a Janairun 2016, mai shi John Fox ya amsa cewa ya sayar da kwalaben da bai taɓa mallaka ba, aka ɗaure shi shekara shida da rabi. A ɓangaren jabu kuwa sunan Rudy Kurniawan ne ya fi fita. A 2008 ya kai gwanjo a Niyu Yok kwalaben giyar Clos Saint-Denis na gidan Ponsot da ke Burgundi, masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai 1982. An kama shi a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014.

Kariyar doka ta danganta da ƙasa. A Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki, a Birtaniya kuma dokar 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi. A Amurka kowace jiha da nata tsarin tun bayan ɗage haramcin giya a 1933. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 a shari'ar Granholm da Heald ya hana jiha ta bar gonakinta su aika giya kai tsaye ta hana na wasu jihohi. Wurin da rikici ya fi tashi shi ne tsofaffin kwalabe na gwanjo, waɗanda galibi ake sayarwa bisa sharaɗin a karɓe su yadda suke, domin da wuya mai saye ya iya tabbatar da cewa lalacewar ta faru ne kafin kayan su iso hannunsa.