Wai dole ne sai kocin hoki na Montreal ya iya Faransanci? Tambayoyi da amsoshi

Wannan magana ce da ta daɗe tana ta da jijiyar wuya a ƙasar Kanada, kuma duk lokacin da kulob ɗin Montreal Canadiens zai ɗauki sabon koci sai ta dawo sabuwa fil. Ni dai tun daga farko in faɗi inda na tsaya, a ganina e, ya kamata ya iya, ko aƙalla a gan shi yana faman koyo da gaske. Ga tambayoyin da mutum zai iya yi in ya ji maganar.

Tukuna, wane wasa ne wannan, kuma wane kulob ne?

Hoki na ƙanƙara ne. Ana yinsa a kan fili mai daskararren ruwa, ƴan wasa na sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa suna sulɓi a guje, kowa da sanda a hannu suna kora wata ƴar baƙar roba mai faɗi zuwa raga. Mutum shida shida ne a fili har da gola. A Kanada yadda kasan muke ji da ƙwallon ƙafa haka suke ji da shi, ko ma fiye. Babbar gasar ita ce NHL, wadda ta haɗa kulob-kulob na Kanada da Amurka, kofinta kuma shi ne Kofin Stanley. Montreal Canadiens an kafa shi ne a 1909, ya girmi ita gasar kanta, kuma ya ɗauki kofin sau 24, babu wanda ya kamo shi. Na ƙarshe a 1993 ne, kaga an jima ana jira.

To me ya haɗa Faransanci da wasan sanda?

Gari da jama'a. Montreal tana lardin Kwibek ne, inda wajen kashi uku cikin huɗu na mutane da Faransanci suka buɗi baki, da shi uwa take lallashin ɗanta, da shi ake faɗa a kasuwa. Kuma shi wannan kulob tun asali don su aka yi shi, a lokacin masu Turanci na garin suna da nasu kulob ɗin, sai aka kafa wannan musamman don masu Faransanci su samu nasu. Hatta sunan, a wancan zamanin in aka ce "Canadien" masu jin Faransanci ake nufi. Tun da kulob ɗin Nordiques na birnin Kwibek ya tattara ya koma Denver ta Amurka a 1995, Canadiens ne kaɗai ya rage wa lardin gaba ɗaya a NHL.

Akwai wani abu da mu ya kamata mu lura da shi don kar mu juya maganar a baibai. A wajenmu, musamman ƴan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi, Faransanci harshen da Bature ya kawo ne, harshen ofis da takarda da manya. A Kwibek abun ba haka yake ba sam. Can Faransanci shi ne harshen talaka da ɗan ƙwadago, Turanci kuma harshen mai masana'anta da mai banki. Wani kwamitin bincike na gwamnatin Kanada a shekarun 1960 ya gano cewa a cikin lardinsu na kansu, masu Faransanci suna kusa da can ƙasa a jerin ƙabilu wajen samun kuɗi. Mutum zai je aiki a garin ubansa amma shugabansa ba zai yi masa magana da harshensa ba. Wannan ciwon ne ya haifi dokar harshe ta 1977 da ake kira Doka ta 101, wadda ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da kasuwanci da allunan talla. Saboda haka in ka ji suna kumfar baki a kan koci, to tsohon miki ne aka fama.

Yaushe rigimar ta fi zafi?

Disamba 2011. Kulob ɗin yana ta shan kashi, sai a ranar 17 ga wata manajan kulob Pierre Gauthier ya sallami koci Jacques Martin ya ɗora mataimakinsa Randy Cunneyworth a matsayin riƙon ƙwarya. Cunneyworth ɗan lardin Ontario ne, tsohon ɗan wasa, mutum mai natsuwa, amma baya jin Faransanci. Kai, gari ya ɗauka. Ministar al'adu ta Kwibek a lokacin, Christine St-Pierre, ta fito ta nuna rashin jin daɗinta, ƙungiyoyin kare harshe suka yi kira a ƙaurace wa kayan kamfanin Molson tunda iyalin Molson ne masu kulob ɗin, wata babbar jaridar Faransanci ta garin ta buga kanun shafinta na farko da Turanci a kan wani rashin nasara da Cunneyworth ya yi wai don shi ma ya iya karantawa. Kwana biyu kacal da naɗin mai kulob Geoff Molson ya fitar da sanarwa cewa iya harsunan biyu zai zama babban sharaɗi wajen zaɓen koci na dindindin, daga baya Gauthier ma ya ba da haƙuri, a farkon Janairu 2012 kuma mutane suka yi zanga-zanga a ƙofar filin wasan Bell Centre.

Ni abun da yake taɓa min zuciya a nan shi ne shi Cunneyworth ɗin. Bawan Allah bai roƙi kujerar ba, an miƙa masa ne, kuma tun kafin ya zauna sosai masu gidan nasa suka nuna wa duniya cewa ba zai daɗe ba. Ta yaya ɗan wasa zai ji tsoron kocin da kowa ya san kwanansa ƙidayayyu ne? Laifin na shugabanni ne da suka san garinsu sarai amma suka yi kamar basu sani ba. Kakar ta ƙare kulob ɗin yana na ƙarshe a ɓangaren gabas, aka sallami Gauthier a watan Maris, sabon manaja Marc Bergevin ya dawo da tsohon kocinsu mai jin Faransanci, Michel Therrien.

Amma ai a ɗakin ƴan wasa da Turanci ake magana, ko ba haka ba?

Haka ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a bar maganar harshe. Ƴan wasan daga ko'ina suke, Amurka, Sweden, Finland, Rasha, Slovakia, yammacin Kanada, kuma harshen da ya haɗa su Turanci ne. Shi koci yana tsaye ne a bayan benci da kwat ɗinsa, yana dafa kafaɗar ƴan wasa yana kiran waɗanda zasu shiga, don a hoki kusan duk ƙasa da minti ɗaya ake canza mutane ana cikin wasa, duk wannan da Turanci yake yi ko da shi ɗan Kwibek ne. In don a ci wasa ne kawai, Faransanci bashi da wani aiki a bayan benci.

Sai dai aikin kocin Montreal bai tsaya a benci ba. Wasa sama da 80 ake yi a kaka, kuma kusan kullum, bayan atisaye da safe da kuma bayan wasa da dare, sai ya tsaya gaban ƴan jarida. Ka ɗauki hoton abun: an cinye su a gida, mutum sama da dubu 20 sun fito daga fili cikin sanyi ransu a ɓace, direban tasi ya kunna rediyo, dattijo a wani ƙauye can arewacin lardin da baya jin Turanci yana gaban talabijin yana kallon tashar wasanni ta Faransanci RDS, duk jira suke su ji me yasa aka cire gola, me yasa aka ajiye wane a benci. Wanda zai basu amsa shi ne koci. A Montreal al'adar ita ce ya amsa da Faransanci ya kuma amsa da Turanci. In bai iya ba, to miliyoyin mutanen da suke sayen tikiti da riga suna riƙe da kulob ɗin zasu riƙa jin kocinsu ta bakin tafinta kenan, a garinsu, kamar yadda kakanninsu suka riƙa jin mai masana'anta.

To tafinta fa, me ya hana?

Ana yi a wasu wurare kuma yana tafiya. Masu kallon ƙwallon Ingila zasu tuna Marcelo Bielsa a Leeds, shekara da shekaru da tafinta yake magana kuma mutanen garin kamar su haɗiye shi don so. Mauricio Pochettino ma da tafinta ya fara a Southampton. Amma duba bambancin, Turanci a Ingila baya cikin wani haɗari, babu ɗan Leeds da yake kwana da fargabar jikokinsa zasu manta harshensa. Ƴan Kwibek kuwa ƴan miliyoyi ne a tsakiyar tekun masu Turanci sama da miliyan 300 a Kanada da Amurka. Wanda yake da rumbu cike baya damuwa in kaza ta tsinci hatsi, mai ɗan tiya guda kuwa dole ya sa ido. Kuma tafinta yana kawo ma'ana ne, baya kawo zafin rai ko raha ko yadda murya take rawa in mutum ya ji ciwon rashin nasara.

In koci yana kawo kofi, wa zai damu da harshensa?

Mutane da yawa suna faɗin haka, har cikin masu Faransancin, kuma na yarda da a ce Cunneyworth ya yi ta cin wasa da hayaniyar ta ragu. Amma tarihi ya riga ya gwada wannan. Al MacNeil, wanda baya jin Faransanci, ya karɓi kulob ɗin a tsakiyar kakar 1970 zuwa 1971 kuma ya ɗauki Kofin Stanley a shekarar. Ana tsakiyar wasannin ƙarshe da Chicago ya ajiye ɗan wasansa mai Faransanci Henri Richard a benci, Richard ya fito ya caccake shi a gaban ƴan jarida, nan take maganar ta koma ta Bature mai Turanci yana wulaƙanta ɗan gida, har aka riƙa yi wa MacNeil barazanar kisa. A wasa na bakwai, wato na ƙarshe, Richard ɗin ne ya ci biyu ciki har da wadda ta kawo kofin. Da kofin a hannu MacNeil ya bar kujerar ya koma horar da ƙaramin kulob ɗinsu a Nova Scotia. Barazanar kisa dai abun kunya ne kuma babu mai kare ta, amma labarin ya nuna kofi kaɗai baya rufe wannan ramin.

Shi Henri ƙanin Maurice Richard ne, gwarzon ɗan wasan kulob ɗin, wanda dakatar da shi da shugaban NHL Clarence Campbell ya yi a Maris 1955 ta jawo tarzoma a titunan Montreal. Har yau da yawa a Kwibek suna kallon wannan daren a matsayin ɗaya daga cikin ranakun da masu Faransanci suka fara cewa ya isa.

Kenan dole sai ɗan ƙabilarsu?

A'a, kuma nan ne ake yawan yi musu mummunar fahimta. Wanda ya gaji MacNeil shi ne Scotty Bowman, mai Turanci ne ɗan unguwar Verdun a Montreal, amma yana jin Faransanci, ya ɗauki kofi biyar da kulob ɗin a shekarun 1970 babu wanda ya tambayi asalinsa. Manajan kulob na yanzu Kent Hughes shi ma daga ɓangaren masu Turanci na Montreal ya fito, yana magana da harsunan biyu, an karɓe shi. Harshe ake nema ba jini ba, harshe kuma ana koyonsa.

Ƴan wasa fa, su ma dole ne?

Nan kam ni ban goyi baya ba. Ɗan wasa ana zaɓo shi ne yana ɗan shekara 18 ko a sayar da shi dare ɗaya ba tare da an tambaye shi ba, gobe ma ana iya tura shi wani gari. Saku Koivu ɗan Finland ya yi kyaftin na wajen shekara goma, ya yi jinyar cutar daji ya dawo fili, gidauniyarsa ta tara kuɗi aka sayi na'urar gano cutar daji wa wani asibitin garin, amma a 2007 aka taso shi gaba a kan baya magana da Faransanci. Wannan bai min daɗi ba ko kaɗan. Da aka naɗa Nick Suzuki kyaftin a 2022 ƴan siyasa har da firimiyan lardin François Legault sun ce ya kamata ya koya, shi kuma ya nuna zai ƙoƙarta. Kyaftin ya koyi gaisuwa da ƴan jimloli abu ne mai kyau, girmamawa ce. Amma koci daban ne, shi babba ne da ya nemi aiki da idonsa a buɗe, ya san inda zai zo.

Wannan sharaɗin baya rage musu zaɓi?

Yana ragewa, ƙarya ne a ce baya yi. Sauran kulob 31 suna zaɓe daga duk duniya, Montreal kuwa daga ɗan ƙaramin tafki, shi yasa ake ta juya mutane ɗaya, Therrien ya yi sau biyu, Claude Julien ma sau biyu. Sai dai kuma akwai ɗaya gefen, Montreal ce ƙofar da koci masu Faransanci da dama suka shiga NHL ta cikinta. Alain Vigneault da Julien da Therrien duk a nan suka fara zama manyan koci, Julien ya je Boston ya ɗauki kofi a 2011, Vigneault ya kai Vancouver da New York Rangers wasan ƙarshe. In Montreal ta rufe wannan ƙofar, wa zai buɗe musu? Kuma kulob mai kuɗi irin wannan ba abun da zai hana shi rainon masu horarwa tun daga ƙananan kulob ɗinsa, ko ya ɗauki malami ya zaunar da duk wanda yake hange tun kafin buƙata ta taso.

Yanzu ya ake ciki?

Sun samo wata dabara a sama. A ƙarshen 2021 Molson ya kawo Jeff Gorton, Ba'amurke da baya jin Faransanci, ya ba shi babban muƙami a harkar wasan, sannan aka sa Hughes a kujerar manaja don shi zai riƙa fuskantar jama'a. A Fabrairu 2022 kuma suka ɗauko Martin St. Louis ɗan garin Laval da ke maƙwabtaka da Montreal, tsohon gwarzon ɗan wasa da ya ci kofi da Tampa Bay a 2004, wanda kafin nan yara ƙanana yake horarwa. An yi ta cewa harshe ne kawai ya ba shi aikin. A 2025 ya kai matasan ƴan wasansa zagayen neman kofi, Washington ta fitar da su a matakin farko, kuma bayan kowane wasa shi yake tsayawa ya yi wa mutanen Kwibek bayani da bakinsa, da irin Faransancin da suke yi a gida.