Me ake nufi da "rilodin" a harkar harsashi?

In kana kallon bidiyon 'yan farauta na Amurka a YouTube to ba mamaki ka ci karo da kalmar nan rilodin. Da yawa ɗauka suke sake ɗura harsashi a bindiga ne kawai, eh tana ɗaukar wannan ma'anar, amma a bakin mutanen nan wani abu ne daban: mutum ya tsince kwanson harsashin da ya harba ya koma gida ya gyara shi ya maido shi sabo.

Abu huɗu ne a jikin harsashi, kwanso, albarushi, kan da ke fita, sai wata 'yar mitsitsiyar hula a gindi da suke kira firaima, ita allurar bindiga ke doka ta ba da tartsatsi. Duk ukun sau ɗaya suke aiki, kwanson ne kaɗai ke dawowa, shi ya sa ake lallaɓa shi. Tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70 tutiya kashi 30, tana buɗewa lokacin harbi sannan ta yarda a matse ta ta koma siffarta. Sai ka ga dattijo a garejinsa ya zuba kwansuna cikin wani inji mai karkarwa haɗe da niƙaƙƙiyar totuwar masara, wallahi totuwar nan da muke hura wuta da ita, su fito suna ƙyalli, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman tsagewa, wanda ya tsage sai shara.

Wajen zaunar da firaima ne ake natsuwa don abu ne mai fashewa, da tabarau a ido ake yi, in an gama a shafa da yatsa a ji ko ta lotsa ciki kaɗan, in ta turo waje haɗari ne. Abin dariyar ma, irin firaimar da Amurkawa ke amfani da ita wani Boxer ɗan Ingila ne ya ƙirƙiro ta, ta Berdan Ba'amurke kuma a Turai ta fi karɓuwa, kuma ta Boxer ɗin ta fi sauƙin cirewa saboda kwansonta rami ɗaya gare shi a tsakiyar gindi.

Can dai sha'awa ce da ragin kuɗi. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba izini, aikin irin su DICON ne, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna, kar wani ya ga bidiyo ya jawo wa kansa.