Waiwaye: Tarihin ƙidayar ƙananan kifayen teku, da yadda ta shafi tukunyar mutumin Gombe

Tsakanin Gombe da Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, amma kifin da ya fi shiga miyar talaka a garin nan daga teku yake fitowa. Shawa, kote, titus, ga kuma sadin na gwangwani da ake haɗawa da burodi. A cikin kwali suke isowa, daskare da ƙanƙara, masu ɗakunan sanyi su sayar wa mata masu suya da masu abinci. Idan kwali ya tashi, amsar da ɗan kasuwa zai ba ka guda ce: "Alhaji, dala ce." Gaskiyarsa, musamman tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023. Sai dai akwai wani dalilin da ya girmi rikicin dala, wato yawan kifin da ya rage a cikin ruwan, da kuma yadda ake gane hakan.

Waɗannan kifaye dangi ɗaya ne ta fuskar hali. Ƙanana ne, a saman ruwa suke yawo, ba sa daɗewa a duniya, kuma garke-garke suke tafiya, dubbai a dunƙule. Sun fi yawa inda iska ke kore ruwan sama, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da abinci, kamar gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal, da gaɓar Ghana daga Yuli zuwa Satumba, da Namibiya, da Peru. Shekarar da ruwan ya taso da ƙarfi sai ƙwai ya yi albarka. Shekarar da ya ƙi, kifi ya ragu ko da ba wanda ya jefa taru.

Wannan tafiya a dunƙule ita ce ke yaudarar mutane. Ko kifi ya ragu da rabi, wanda ya saura ba ya warwatsuwa, sake haɗuwa yake yi ya zama garke. Jirgin da ke da na'urar hango kifi zai gano shi, ya zagaye shi da taru, ya dawo maƙil. Mai duba lissafin kamu sai ya ce lafiya lau. Kamar mai ɗibar hatsi ne a rumbun da ba ya iya leƙa cikinsa: kowane mudu cike yake fitowa, har ranar da hannunsa zai taɓa daɓe.

A Peru aka ga haka ƙarara. A 1970 ƙasar ta kama sama da tan miliyan 12 na wani ɗan kifi da ake kira anchobeta, kusan duka don a niƙa shi ya zama abincin kaji da dabbobi. A 1972 ruwan ɗumi na El Nino ya sauka kan kifin da dama an ci ƙarfinsa, zuwa 1973 kamun bai kai tan miliyan 2 ba. Masana'antu suka rufe, jirage suka yi tsatsa a tasha. Kafin nan sadin ɗin Kalifoniya ya ƙare haka a wajejen 1950, na Namibiya ya biyo baya a shekarun 1970. A Ghana ma an yi kamun sadinela, wani kifi dangin sadin, na ban mamaki a 1972, shekarar da ta biyo baya kifin ya yi ɓatan dabo, sai bayan wasu shekaru ya farfaɗo.

Ba a ce babu masana a lokacin ba. Tun 1954 wani Ba'amurke mai suna Schaefer ya fitar da lissafin iyakar abin da za a iya kamawa duk shekara ba tare da an karya iri ba, a 1957 kuma Beverton da Holt na Ingila suka fitar da nasu. Matsalar ita ce an gina dabarun ne a kan kifayen ruwan sanyi. A can, wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnen kifi yana yin zobe ɗaya duk shekara saboda bambancin hunturu da bazara, da shi ake sanin shekarun kifi. A tekun ƙasashe masu zafi zoben ba ya fita sosai, kifi yana zuba ƙwai watanni da yawa, taru ɗaya yana kwaso iri goma, sannan kwale-kwale dubbai suna sauke kaya a bakin ruwa ɗaruruwa inda babu sikeli, babu malamin rubutu.

Hanyoyi biyu aka bi don fita daga wannan. Ta farko mai araha ce, kuma ita ta fi burge ni. A wajejen 1980, Daniel Pauly da abokan aikinsa a wata cibiyar bincike a Manila suka daidaita dabarar amfani da tsawon kifi maimakon shekarunsa. Ma'aikaci ya yi sammako zuwa inda ake sauke kifi, riƙe da allo mai ma'auni, ya sayi kwando guda, ya shimfiɗa kifin ɗaya bayan ɗaya, baki ya taɓa katako, ya karanta inda wutsiya ta tsaya, ya rubuta. Wata mai zuwa ya sake. In an jera takardun shekara guda, za a ga yadda 'yan ƙwai ɗaya suke girma, da saurin da suke ƙarewa. Ranar da aka ga manya sun ɓace daga kwando, saura waɗanda ba su kai haihuwa ba, to magana ta fito.

Hanya ta biyu ta masu kuɗi ce. A 1975 Norway da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka ƙaddamar da aikin jirgin bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen, wanda ke aika sauti cikin ruwa, ya auna amon da ya dawo daga jikin kifi, a ƙiyasta nauyin garken. Jirgi na uku mai wannan suna ya fara aiki a 2017. Yana da nasa rauni: babban jirgi ba ya shiga ruwa marar zurfi, alhali can bonga ke zama, ita ce kuwa ƙaramin kifin da ya fi muhimmanci ga masuntan gaɓar Najeriya.

Ta ɓangaren doka, FAO ta kafa kwamitin kula da kamun kifin gabashin tsakiyar Atlantika tun 1967, yarjejeniyar teku ta 1982 kuma ta ba kowace ƙasa ikon mil 200 daga gaɓarta. An kori jiragen waje a takarda, suka dawo da lasisi. Shi kuwa kifi bai san iyaka ba. Sadinelar da ke Senegal da Gambiya a wani watan, tana Muritaniya a wani. Tun 2001 masanan yankin ke zama a kai a kai suna tantance ta, kuma sun shafe shekaru suna maimaita cewa kamun ya wuce kima, a rage. Shawara ce kawai, ba ta da haƙori.

A daidai lokacin da ake wannan gargaɗi ne masana'antun garin kifi suka yi ta tsirowa a Nuwadibu ta Muritaniya bayan 2010, daga 'yan ƙalilan zuwa gommai, wasu kuma a Senegal da ƙauyukan Gambiya irin su Gunjur da Sanyang. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari, a tura shi Sin da Turkiyya da Turai a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wani rahoto na ƙungiyoyin kare muhalli Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce abin da ake niƙawa a yankin ya haura tan rabin miliyan a shekara. Matan Joal da Mbour na Senegal da ke banda kifi suna aikawa har Mali da Burkina Faso ba za su iya gasar farashi da masana'anta ba. A ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa: a ɗauke abincin marar hali a ba kifin da mai hali zai ci. Mu ma da hannunmu a ciki, ko da kaɗan ne, domin buhun abincin tarwada mai kyau da masu kiwo ke saya a nan akwai garin kifi a cikinsa.

Najeriya, bisa alƙaluman da gwamnati ke yawan ambatawa, tana buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da miliyan ɗaya da 'yan kai. Wani ɓangare na giɓin ne jiragen ƙanƙara ke cikewa. Titus ɗinmu daga arewacin Atlantika yake zuwa, inda ake da ƙwararru da kuɗin bincike, amma can ma Norway da Tarayyar Turai da Birtaniya da Iceland da maƙwabtansu sun kwashe sama da shekara goma ba su daidaita kan rabo ba, jimillar kamunsu tana zarce shawarar masana. Da can in kifin teku ya yi tsada, bandan Baga yana rufa asiri, sai rikicin Boko Haram ya dagula wannan hanyar. Tarwada da karfasar madatsar Dadin Kowa ba za su ciyar da jiha guda ba, balle in an ƙyale masu kwashe 'ya'yan kifi da gidan sauro. Allo mai ma'auni da littafi a hannun wani yaron Sarkin Ruwa zai gaya mana halin da madatsar ke ciki, kuma kuɗinsa bai kai na kwali ɗaya ba.

Ghana ce ta fi kowa gwada ɗaukar mataki mai ɗaci a yankinmu. Kamun sadinelarta ya kai ƙololuwa a shekarun 1990, daga nan ya yi ta zubewa, ga kuma cinikin da suke kira saiko, inda manyan jirage ke kama ƙananan kifi ba bisa ƙa'ida ba su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku. A 2018 gwamnati ta so rufe teku na wata guda, masunta suka tayar da ƙayar baya, aka janye. A 2019 aka rufe, daga 2021 aka mayar da hutun watan Yuli domin ya dace da lokacin zuba ƙwai. Masunta sun yi ta kukan cewa wata guda babu kamun kifi yunwa ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. A 2025 sabuwar gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga dokar, ta bar ta a kan manyan jirage, duk da cewa kwale-kwalen ne ke kama mafi yawan sadinelar da ake son ta huta.